Yadda Ake Ɓamɓare Takarda Mai Danƙo Daga Gilashin Babur

Ana roƙon Hakimai da malamansu na ƙasar Baure su bayyana wa masu babura wannan.

Lokacin zaɓe, kamar na 2023, akan manna takardu masu danƙo a gilashin gaban babur. In an tashi cirewa sai a ɗauko reza ko fetur. Wannan kuskure ne, gama gilashin nan na roba ne. Reza tana karce shi, fetur kuwa yana dusashe shi, har ya tsattsage. Mai irin wannan gilashi, in ya kama hanyar Zango zuwa Daura da dare, hasken fitilar mota sai ya watsu a idonsa, ya kasa ganin jaki ko yaro.

Ga yadda za a yi. A fara wanke ƙura, don ita ma tana karcewa. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗora minti 10, sa'an nan a ɓamɓare da farce sannu sannu. Danƙon da ya saura a shafa masa man gyaɗa, a bari ya yi laushi, a goge da tsumma mai taushi, a sake wankewa da sabulu.

In bai fita ba, a maimaita. Kada a yi gaggawa.