Babur Yana Shaƙewa A Hanya: Abin Da Za A Duba Kafin A Kwance Kafireta

 A shirinmu na makon jiya, wani ɗan'uwa makiyayi daga yankin Magarya ya bugo waya da kuka. Ya ɗauko tumaki biyu a bayan tsohon babur ɗinsa zai kai kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, sai mashin ya soma shaƙewa, daga baya ya mutu a tsakiyar daji. Kafin ya turo shi zuwa gari kasuwa ta watse. Da bakanike ya duba, ashe ɗan ruwa ne da bai cika cokali ba ya kwanta a ƙasan kafireta. To, ga bayanin da muka yi a kan wannan matsala, mun rubuta shi don wanda bai samu sauraro ba.

Da farko mu fahimci aikin kafireta. Inji ba ya ƙona fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Kafireta ce ke wannan haɗi, kamar mai dama fura: nono ya yi yawa ta tsinke, ya yi kaɗan ta yi kauri. In mai ya rinjayi iska, babur zai yi baƙin hayaƙi, ya sha mai, ya yi nauyin tashi. In iska ta rinjayi mai, zai yi zafi, ya riƙa tari, ƙarfinsa ya ragu. Kusan duk ciwon kafireta a cikin waɗannan biyun yake.

Amma malam, kada ka yi gaggawar kwance ta. Fara daga tanki. Akwai mai kuwa? Makunnin mai a buɗe yake, ko lokacin juya shi zuwa rizab ya yi? Cire tiyon da ke shiga kafireta ka buɗe makunnin. In mai ya zubo sosai, hanya lafiya lau. In ɗigo yake yi, ƙaramar matatar da ke cikin makunnin ta toshe da tsatsa. Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa: murfin tanki yana da ɗan ƙaramin rami na shaƙar iska. In ƙura ta toshe shi, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu, ka jira ya sake tashi, ya kuma mutuwa. Buɗe murfin, in ka ji ya ja iska "fuu", kuma mashin ya tashi, ka gano ɓarawon.

Na biyu, filogi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira buji. Shi ne madubin inji. Kwance shi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara, haɗi ya yi daidai. Baƙi mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat kamar toka, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari don zafi na iya cinye fistan. In kuwa baƙi ne jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, wannan ba laifin kafireta ba ne. Sai ka mayar da hular filogin, ka jingina ƙarfensa a jikin inji, ka buga kik. Ana son wuta shuɗiya mai ƙarfi. Riƙe ta wajen roba, don tana fizga. Tazarar bakin filogi a yawancin ƙananan baburan nan milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Na uku, matatar iska. Mu da ke bin hanyar rairayi da turɓayar shanu, musamman lokacin hunturu, ita ce ta fi shan wahala. In ta cika da ƙura, inji zai kasa numfashi, sai ya ja mai fiye da kima. In ta soso ce, wanke ta da kalanzir ko ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka shafa mata ɗan baƙin mai ka matse. In ta takarda ce, kakkaɓewa ake yi ko a sauya, ba a wankewa. Wasu kan cire ta gaba ɗaya wai mashin ya ƙara gudu. Wallahi asara ce: yashin da zai shiga shi zai cinye ring da silinda.

Yanzu mu zo kan kafireta kanta. A ƙasanta akwai ɗan kofi inda mai ke taruwa, da sukuru na zubarwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka nan yake kwanciya. Rufe makunnin mai, kwance sukurun, ka tari abin da ya fito a cikin kwalba mai haske. In da ruwa za ka gan shi a ƙasa kamar ƙwayar ido. Wannan kan faru da damina, ko in an sayi man kwalba na bakin hanya daga jarkar da ba ta da tsabta. Ba mu ce duk masu sayarwa haka suke ba, kuma a ƙauyukan iyaka sau da yawa su ne kaɗai mafita. Amma ɗaga kwalbar ka duba ta a rana, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta.

Yadda babur ke yin ciwon shi ma yana faɗa maka inda matsalar take. In ba ya tsayawa a silo, sai ka riƙe totur, ƙaramin jet ne ya toshe. In silo lafiya amma da ka murɗa totur zuwa ƙarshe sai ya shaƙe, duba babban jet ko isowar mai. In inji ya yi zafi amma sai da cok yake aiki, mai ba ya isa: ko jet ya toshe, ko robar da ta haɗa kafireta da inji ta tsage tana shan iska. Alamar tsagewar ita ce ka saki totur amma ƙarar inji ta ƙi sauka da wuri. In kuwa mai na zuba ta tiyon ƙasa, allurar da ke rufe mai a cikin kofin ce ta maƙale. Ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukundireba, sau da yawa takan saki.

Wajen wanke jet, a yi hattara. Na tagulla ne, raminsa kuma kamar na allura. Wanke shi da fetur mai tsabta, ka hura da famfon taya, ka ɗaga shi ka ga haske ya ratsa. Kada ka soka masa allura ko wayar ƙarfe. Ramin na faɗaɗa, babur ya koma shan mai har abada. Shimfiɗa ƙyalle kafin ka fara, don in jet ya faɗa rairayi sai dai haƙuri. Sukurun daidaita haɗi kuma, ɗaure shi a hankali har ya zauna ba tare da matsi ba, kana ƙirga juyin don ka san inda yake da, sannan ka sassauto kamar juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga nan, inji na da zafi, ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har ƙararsa ta daidaita, sai ka saita silo.

Ga makiyaya masu ajiye babur su bi dabbobi wata da watanni: rufe makunnin mai, ka zubar da na cikin kofin kafireta. Fetur in ya daɗe yana bushewa ya bar danƙo, shi ke toshe jet.

Akwai inda dabararka ta ƙare. In kik ya yi laushi babu nauyi, ko salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ko baƙin mai na raguwa kullum, maganar ring ce ko bawul, sai gareji. Kuma don Allah, ba sigari, ba ashana, ba garwashin shayi kusa da buɗaɗɗen fetur, a bar inji ya huce tukuna.

Kafin ka kama hanyar kasuwa, sa filogi sabo ɗaya, da sifanarsa, da sukundireba, da ƙyalle a cikin jaka. Ba su kai kuɗin kaza ba, amma za su iya cece ka daga kwana a daji da kaya. Mako mai zuwa za mu taɓa sarƙa da birki, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.