Daga Sharar Shago Zuwa Riƙe Kamfani: Hanyoyin da Matasan Kasuwannin Kano ke Bi

Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau zai lura cewa masu zama a bayan tebur sun fara canzawa. Alhazan nan na da suna nan, da carbinsu da wayoyinsu biyu ko uku, amma a gefensu za ka ga saurayi ya buɗe kwamfuta yana shigar da adadin dilar da ta fita daga sito, wani kuma yana magana da wakili a Guangzhou kan kwantenar da ta makale. Su ne ake kira masu tasowa. Jama'a kan ga motarsu da shaddarsu, ba a cika tambayar ta ina suka biyo ba, alhali amsar wannan tambaya ita ce za ta amfani yaron da ke gida yana tunanin abin da zai yi da rayuwarsa.

Tsohuwar hanya ita ce ta yaron shago, kuma har gobe ita ta fi yaye mutane. Uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani ɗan'uwa ko amini, ya ce ga amana. Yaro ya fara da shara da goge kanta da aike. Idan ya nuna natsuwa sai a bar shi ya faɗi farashi, daga baya a ba shi makullin sito, a ƙarshe a damƙa masa cinikin yini ya kai banki. Ranar da ubangida ya tura shi saro kaya Legas shi kaɗai, kowa a layin ya san ya kai wani matsayi. Bayan shekaru sai a yi masa aure, a sallame shi da jari ko da kaya bashi, ya kafa tebur ko ya kama shago nasa.

Wannan tsari ya girmi Nijeriya kanta. Da shi fatake suka riƙa kai kaya Gwanja su dawo da goro, yara na bin ayari suna koyon hanya da ciniki a ƙarƙashin madugu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro ya soma. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan kamfanoni suka buƙaci masu saya musu gyaɗa, sai ya zamana yana da abin da ba su da shi: yara da wakilai a ƙauyuka waɗanda manoma suka yarda da su. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin da shago ke koyarwa ba a samunsa a aji. Yaron Kwari na iya shafa yadi ya gaya maka asalinsa da ko zai zuba. Ya san wane kwastoma ne daga Maraɗi ko Njamena za a ba kaya a jira shi wata guda hankali kwance, wane ne kuma ba a ba shi sai kuɗi hannu. Ya san lokacin da atamfa ke tashi kafin Sallah da lokacin da take kwanciya. Amma tsarin na da rauni, kuma masu kasuwa sun fi kowa saninsa. Babu rubutaccen wa'adi, don haka sallama ta dogara ne kan tsoron Allah na ubangida. Wani yaron sai furfura ta fito masa yana jiran ranar da ba ta zuwa. Lissafi kuma yawanci a kai yake, ko a wani littafi da mutum ɗaya ne ke gane rubutunsa. Gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 sun nuna illar haka: kaya sun tafi, littafin bashi ya bi su, ga shi mafi yawa ba su da inshora ko takaful.

Hanya ta biyu ita ce ta makaranta. A da, wanda ya gama Jami'ar Bayero ko Kwalejin Fasaha ta Kano ya san inda ya dosa: ma'aikatar gwamnati, banki, ko ɗaya daga masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga waje, masaƙu da masana'antu da dama suka rufe. Gwamnati kuma ba ta iya ɗaukar ko kaɗan daga masu fitowa kowace shekara. Sai ɗan boko ya gama bautar ƙasa ya dawo kasuwar da ya taɓa rainawa, inda sa'o'insa da suka tsaya a sakandare sun riga sun yi gida da mota. Da farko dariya ake masa. Amma kasuwar ita ma ta zo wani wuri da ba za ta iya wucewa ba sai da irinsa.

Dawanau ce ta fi nuna wannan a fili. Ana sayar da riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da ake kaiwa Asiya da Turai da nahiyar Amurka. Dillalin gargajiya ya iya tara kaya daga ƙauye, ya iya gane mai kyau da ido da haƙori. Sai dai mai saye a ƙetare ba ido yake so ba, takardar gwaji yake so. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya. Ƙasar Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayen zoɓonmu, ita ma ta taɓa dakatar da karɓarsa saboda wani ƙwaro da aka samu a cikin kaya. Duk lokacin da irin haka ta faru, farashi kan faɗi a Dawanau, manomi a Jigawa ya ji a jikinsa. Daga nan sababbin sana'o'i suka samu gindin zama: masu gwada danshi da guba a ɗakin gwaji, masu feshin kwantena bisa ƙa'ida, masu cike takardun hukumar bunƙasa fitar da kaya da na banki da na kwastam. Matashin da ya karanta kimiyyar abinci ko aikin gona, kuma ya yarda ya yi shekara biyu yana shaƙar ƙurar buhu a sito, shi ne yau alhazai ke nema da waya. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a farkon 2023, an gina ta ne don a riƙa kammala irin waɗannan takardu a Kano maimakon Legas, kuma duk yadda ta kankama, irin waɗannan ma'aikata za ta ƙara buƙata.

Haka abin yake a fannin kuɗi. Shekaru da yawa manyan 'yan kasuwa sun guji rancen banki saboda gudun riba. Da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, sai aka buƙaci ma'aikacin da zai zauna da Alhaji ya fahimtar da shi murabaha da yaren da yake ji, ya kuma iya duba lissafin shagonsa ya gane ko zai iya biya. Wanda ya haɗa karatun fiƙihun ciniki da ilimin akanta ya samu gurbin da a da babu shi. Su kuma akantoci masu rubuta jarrabawar ICAN, ƙungiyar da aka kafa tun 1965, ko ta ANAN, ba lallai su jira aikin banki ba. Wasu kan riƙe littattafan shaguna biyar ko shida a lokaci guda, su shirya musu takardun haraji. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa ko mai shayi karɓar tiransifa, ya kuma mayar da sana'ar POS matakin farko ga dubban matasa. Sana'a ce mai ƙaramar riba da yawan gasa, amma tana koya wa mutum abu guda mai daraja: daidaita lissafi kowane dare.

Ana yawan maganar cibiyoyin fasahar zamani, irin su Startup Kano da Blue Sapphire Hub a Kano da CoLab a Kaduna. Sun yi ƙoƙari wajen koya wa matasa rubuta manhaja da zanen kwamfuta da tallan intanet, har wasu na yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu ana biyan su da dala. A ganina dai, da yawa daga masu zuwa irin wannan horo kan ƙare ne da takardar shaida da hoton rufe taro. Waɗanda ke ɗorewa su ne masu fita su tambayi mai shago me ke damunsa, su dawo da manhajar da za ta gaya masa dila nawa ta rage ko wa ya ci bashi bai biya ba. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre, da ba wanda ke kiran su zuwa taro, sun daɗe da gane wannan.

Mata kuwa sun buɗe hanyarsu ba tare da sun kama shago ba. Sana'ar cikin gida tsohuwar aba ce, sai dai a da yarinya mai talla ce ke haɗa uwar gida da kasuwa, yanzu WhatsApp da Instagram ne, da ɗan aike a babur. Turaren wuta, kayan kicin, atamfa da leshi, yaji da garin kunu, duk suna tafiya Abuja da Legas, har ƙasashen waje. Inda ake rabuwa shi ne wurin da sana'a za ta zama kamfani. Manyan kantuna ba sa ɗora abinci a kanta sai da lambar NAFDAC, lambar kuma ba ta samuwa sai da rajista da tsabtataccen wurin aiki da za a zo a duba. Wadda ta jure wannan ɗawainiya ita ce ke ɗaukar ma'aikata. Sauran kan tsaya a inda kuɗin adashi ya kai su.

Matasa na son kafa hujja da Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, amma sau da yawa rabin labarin ake faɗa. Babu ɗayansu da ya tashi daga babu. Ɗangote, haifaffen 1957, jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma da rancen da ya samu a cikin dangi ya fara ciniki a 1977. Abdussamad ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u ne, ya kafa BUA a 1988 bayan ya yi aiki a kamfanin mahaifinsa. Abin koyi a wurinsu ba jarin farko ba ne, domin 'ya'yan attajirai nawa ne suka samu irinsa ya narke? Abin lura shi ne sun tashi daga saye da sayarwa zuwa sarrafawa, sun ɗauko ƙwararru daga ko'ina suka ba su iko, suka kuma yarda a binciki littattafansu. Kamfanin simintin Ɗangote ya shiga kasuwar hannun jari a 2010, na BUA a 2020, kuma ba a shiga can da lissafin ka. A bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwan injiniyoyi da akantoci da lauyoyi waɗanda su ma hanyar tashi ce suka bi, ko da ba a san sunayensu ba. Ba dole ne kowa ya zama mai kamfani ba.

To da me za a auna nasarar mai tasowa? Ba da lambar yabon da ake rabawa a ɗakin taron otal ba, domin wasu daga cikinsu wanda ya karɓa shi ya biya kuɗin taron. Shekarar 2023 ta kawo ma'auni mai tsauri. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ake samu a hukumance kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da kaya a tsohon farashi yana murna da ciniki, da ya je kasuwar canji ta Wapa sai ya tarar kuɗinsa ba za su dawo da rabin kayan ba. Waɗanda suka tsira su ne masu sanya farashi bisa abin da za su sake saro kayan, masu taƙaita bashi, masu raba aljihunsu da na shago. Idan kana son sanin ko matashi ya tashi da gaske, tambayi ko jarinsa ya tsallake waccan shekara, ko yana biyan ma'aikatansa a kan lokaci, da yara nawa ya sallama suka tsaya da ƙafafunsu.

Akwai kuma jarrabawar da ba a yi wa mutum sai bayan ransa. Kano cike take da sunayen gidajen kasuwanci da suka yi tashe, suka ɓace cikin 'yan shekaru bayan rasuwar mai su, saboda shaguna da sito da kaya an raba su gado kowa ya kama gabansa, masu bin bashi da waɗanda ake bi kuma babu takarda. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa maganin wannan, domin yanzu mutum ɗaya na iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Idan dukiyar kasuwanci na ƙarƙashin sunan kamfani, abin da magada za su raba bisa ƙa'idar shari'a shi ne hannun jari, kowa ya san kasonsa, shago kuma ya buɗe washegarin sadakar bakwai da ma'aikatansa da kwastomominsa. Wannan aiki ne na lauya da akanta da malamin da ya san rabon gado, su zauna tare da mai dukiya tun yana da lafiya, kuma a tsakanin 'yan kasuwar Kano masu yin sa har yanzu ba su da yawa.