Mataimakin likitan haƙori: aiki ne da ɗan ƙauye yake iya koyo

Ciwon haƙori ba ya barin mutum ya yi barci. Manomi mai ciwon haƙori ba ya iya riƙe hauya. Mace ba ta iya daka. Ɗan lakkwal ba ya jin abin da malami yake faɗi. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya suna fama da ciwon baki ko na haƙori.

A Nijar likitocin haƙori kaɗan ne. Yawancinsu suna Yamai. Sauran suna manyan garuruwa kamar Damagaram, Maraɗi da Tawa. Marasa lafiya kuwa suna da yawa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa likitan haƙori yake bukatar mataimaki, namiji ko mace.

Mine ne aikin mataimaki?

Mataimaki yana riga likita zuwa wurin aiki. Yana share kujerar da maras lafiya yake kwantawa. Yana jera kayan aiki bisa tire: ƙaramin madubi, awartaki, allura da kaɗa.

In maras lafiya ya zo, mataimaki ne yake tarbarsa. Yana rubuta sunansa, da shekarunsa, da garinsu. Yana tambayarsa ko yana da ciwon sukari, ko hawan jini. In mace ce, yana tambaya ko tana da ciki. Wannan tambaya tana da amfani, don ba kowane magani ya dace da kowa ba.

Lokacin aiki, hannuwan likita biyu suna cikin bakin maras lafiya. Mataimaki ne yake miƙa masa kaya. Yana gyara fitila. Yana zuƙe miyau da jini da ƙaramin tiyo. Yana kwaɓa abin da ake cike kogon haƙori da shi.

Bayan aiki, yana yi wa maras lafiya bayani da Hausa, ko da Zabarmanci, ko da harshen da yake ji. Wanda aka cire wa haƙori zai cije kaɗa wajen rabin awa. Ba zai kurkure baki da ƙarfi ba a ranar. Ba zai sa yatsa cikin ramin ba. Zai sha magani yadda aka rubuta.

Abu ɗaya ne ba nasa ba. Mataimaki ba likita ba ne. Gane ciwo da yanke shawarar abin da za a yi aikin likita ne.

Tsabta ita ce babban aikinsa

Jini yana taɓa kayan aikin haƙori kullum. Cikin jini ne ciwon hanta da cutar sida suke bi su kama wani. Ido ba ya ganin ƙwayoyinsu. Goge awartaki da tsumma ba ya kashe su.

Don haka mataimaki yana jiƙa kaya cikin ruwan magani. Yana wanke su, ya busar da su. Sannan ya sa su cikin tukunyar tururi mai murfi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma zafin wannan tukunya yana kai digiri 134. Allura sau ɗaya ake aiki da ita, a jefa ta cikin akwatinta. Safar hannu ma kowane mutum da tasa.

A nan ne bambanci yake da mai cire haƙori na kasuwa. Awartaki ɗaya yana shiga bakin mutane da yawa rana guda. Mutum ya zo da ciwo ɗaya, ya koma gida da biyu.

Mai gargaɗin jama'a

Mataimaki yana koya wa uwaye kula da bakin yara. Yaro yana da haƙoran nono 20. Babba yana da 32. Wajen shekara 6 manyan matauna suna fitowa can baya. Waɗannan ba su da canji. In suka ruɓe, wasu ba su fitowa. Alewa da shayi mai yawan sukari su ne abokan gabarsu. Asuwaki ko buroshi, safe da dare, su ne masu tsaronsu.

Akwai wata muguwar cuta da likitoci suke kira noma. Ba noman gona ba ne. Tana kama yara masu tamowa, yawanci ƴan shekara 2 zuwa 6. Tana farawa da kumburin dasashi, da jini, da warin baki. Cikin ƴan kwanaki tana cin kunci da leɓe. In ba magani, yara 9 cikin 10 suna iya mutuwa. In an gano ta da wuri, maganin asibiti yana tsayar da ita. Mataimakin da ya san alamunta yana ceton rai.

Yaya ake shiga wannan aiki?

Matakin farko karatu ne. Sai yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi sosai. Sai ya daure a lakkwal har ya samu takardar BEPC, ko ma Bak. Daga nan ya nemi shiga makarantar ma'aikatan lafiya. Gwamnati tana da irinta a Yamai da Damagaram. Can ake koyon sassan jiki, da tsabta, da jinya. Aikin baki kuma hannu yana ƙwarewa da shi kusa da likita. Shi likitan haƙori karatunsa ya fi tsawo: shekara 6 ko fiye bayan Bak.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Ana son mai haƙuri, don mai ciwon haƙori yana zuwa da tsoro. Ana son wanda jini ba ya firgita shi. Ana son mai riƙe asiri. Aikin yana da gajiya, tsayuwa ce da duƙawa tun safe. Albashinsa bai kai na likita ba. Amma sana'a ce ta rani da damina, a asibitin gwamnati ko a wurin likita mai zaman kansa.

Kira ga uwaye

Ɗan ƙauye ya san harshen mutanensa da al'adunsu. Tsohuwa ba ta jin nauyin buɗe masa baki. Mata da yawa kuma sun fi sakin jiki in mace ce a gabansu. Saboda haka kada a fidda yaro daga lakkwal don kiwo. Kada a fidda yarinya don talla ko auren wuri. Mai son ƙarin bayani ya tambayi shugaban likitar garinsu ko daraktan lakkwal.

Yau kuma, kowane uba da kowace uwa su buɗe bakin ɗansu su duba. In an ga kumburi ko jini, a tafi likita ba da jinkiri ba. Rigakafi ya fi magani.