Gida, Uwa da Habaici: Yaren Zaurukan Rawa na Harlem

A shekarar 1976 masanin harshe Michael Halliday ya yi bayanin cewa jama'ar da aka tura gefe takan ƙera wa kanta yare. Amfanin wannan yare ya wuce ɓoye sirri, domin da shi ake sake tsara zumunci da daraja. Misali mai kyau shi ne yaren zaurukan gasar rawa na unguwar Harlem a birnin New York, inda matasa baƙar fata da ƴan asalin Latin Amurka, masu sha'awar jinsinsu da masu sauya jinsi, suka kafa al'adarsu.

Tushen al'adar ƙorafi ne kan wariyar launin fata. A gasar ado ta 1967, wadda fim ɗin The Queen ya nuna, Crystal LaBeija ta fito fili ta zargi alƙalai da fifita farar fata. A shekarun 1970 ta kafa ƙungiya mai ɗauke da sunanta, wadda ta riƙa shirya gasa ta baƙar fata. Wasu suka biyo baya, ciki har da ƙungiyar Xtravaganza ta ƴan Latin Amurka a 1982.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne sunan da suka zaɓa. Kowace ƙungiya ana kiranta "gida", shugabanninta "uwa" da "uba", mambobinta kuwa "ƴaƴa", kuma kowa na ɗaukar sunan gidan a matsayin sunan dangi. Wannan faɗaɗa ma'ana yana da dalili: da yawa daga cikin matasan iyayensu sun kore su, suna kwana a titi. Uwar gida ce ke samar da abinci, da wurin kwana, da nasiha. Kalmomin dangantaka sun bi aikin da ake yi, ba jinin da aka haɗa ba.

Gasar kanta tana da kalmominta. Rawar vogue ta samo suna daga mujallar ado ta Vogue, domin mai rawa yana kwaikwayon tsayuwar masu tallar tufafi. Willi Ninja na cikin waɗanda suka shahara da ita. Akwai kuma gasar realness, inda ake auna yadda mutum zai saje da ma'aikacin ofis ko soja ko ɗalibi. A waje, wannan iya sajewa kan kare shi daga duka ko kora daga aiki.

Fasahar baki ma tana da matakai biyu da Bahaushe zai gane nan take. Reading shi ne fito da aibin abokin hamayya a gabansa cikin gwaninta, kamar zambo. Shade kuwa suka ce a kaikaice, wadda ba ta kama suna, kamar habaici. Masani Rudolf Gaudio, a bincikensa kan ƴan daudu a Kano, ya nuna irin wannan muhimmanci na habaici a zancensu.

Da cutar Sida ta ɓarke a shekarun 1980, gidajen suka zama wuraren jinya da faɗakarwa. Ƙungiyar GMHC ta fara shirya gasar Latex Ball, inda ake raba kwaroron roba ana wayar da kai game da cutar. Angie Xtravaganza, uwar gidanta, ta rasu a 1993 sanadiyyar wannan cuta.

A 1990 fim ɗin Paris Is Burning na Jennie Livingston da waƙar Vogue ta Madonna suka kai al'adar ga duniya, sannan shirin talabijin na Pose ya ƙara yaɗa ta a 2018. Yau miliyoyin masu amfani da intanet suna furta shade ba tare da sanin daga bakin wa ta fito ba. Nan ne muhawarar take: kalmomin sun shiga ƙamus da tallace-tallace, yayin da wasu daga cikin waɗanda suka ƙirƙire su suka mutu cikin talauci. Saboda haka duk mai bin tarihin kalma, wajibi ne ya rubuta har da sunan jama'ar da ta haife ta da halin da suke ciki a lokacin.