Sassaƙar Baka a Wajen Maharban Ƙasar Sabuwa

Baka shi ne makamin maharbi na asali a kudancin Katsina, tun kafin bindiga ta zama ruwan dare. A ƙasar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, inda daji ya miƙa har ya haɗe da na Birnin Gwari da na Zamfara, harbi sana'a ce ta gado, kuma har yau shugaban masu yin ta Sarkin Baka ake ce masa, ko da bindiga ce a kafaɗarsa. Yawanci maharbi shi ke sassaƙa bakansa, ko mahaifinsa ya sassaƙa masa. Ba kasafai ake sayensa a kasuwa ba, domin tsawon hannun mutum da ƙarfin ƙwanjinsa su ne ma'auni.

Aikin yana farawa ne a daji. Ana neman itacen da ke tanƙwaruwa ya koma yadda yake, irin su dargaza da ɗunɗu da magarya, wasu kuma gora suka fi so saboda rashin nauyi. Reshen da ake so shi ne miƙaƙƙe, marar ƙulli, wanda tsutsa ba ta huda ba. An fi sararsa bayan kaka, lokacin da ruwa ya ragu a jikin itatuwa. Daga nan sai a kai shi inuwa, galibi a soke a rufin ɗaki ko ƙarƙashin rumbu, a bar shi watanni. Idan aka shanya shi a rana tsagewa yake yi. Inda yake da 'yar karkata, akan shafa masa mai, a kanga a wuta, a danne da gwiwa har ya miƙe.

Idan ya bushe, sai a ɗauko gizago a rage masa jiki: tsakiya, wato wurin riƙo, a bar shi da kauri, bakunan biyu kuma su tafi suna sirancewa. Wannan aikin yini guda ne, kuma kowane masassaƙi zai iya. Gwaninta tana gaba, wajen sa gefen sama da na ƙasa su tanƙwaru daidai wa daida.

A nan ake ajiye gizago a koma ga wuƙa. Baka yana da baya, wanda ke fuskantar abin harbi, da ciki, wanda ke fuskantar maharbi. Idan aka ja tsirkiya, bayan miƙewa yake yi, cikin kuma ya takure. Saboda haka ba a taɓa bayan da kaifi bayan an ɓare ɓawo. Jijiyar itace ɗaya da aka yanke a can, nan ne zai karye wata rana. Duk ragin da za a yi, a ciki ake yinsa, kuma kankara ake yi ba sara ba. Mai aikin yakan kafa bakin ƙasa a turɓaya, ya riƙe na sama, ya danna tsakiya da gwiwa yana kallon yadda itacen ke ba da kai. Inda ya ƙi tanƙwaruwa sai ya goga masa gawayi, ya kankare har baƙin ya fita, ya sake dannawa. Inda kuwa ya fi ko'ina laushi, ba a kusantarsa ko kaɗan: sai a rage sauran wuraren su taras da shi.

Abin da ya sa ake tafiya a hankali shi ne ƙarfin itace ba ya bin kauri ɗaya bayan ɗaya. Sandar da aka ninka kaurinta sau biyu, taurinta yakan ninku har sau goma sha shida idan zagayayya ce. Ke nan ɗan abin da wuƙa ta ɗebe, wanda bai fi ƙaiƙayi kauri ba, ya isa ya sauya halin baka gaba ɗaya. Mai gaggawa yakan rage sama ya wuce gona da iri, ya dawo ya rage ƙasa don su daidaita, ya sake komawa sama, har ya wayi gari da bakan yara na harbin ƙadangaru.

Da zarar ya soma nuna alamar daidaito, sai a ɗaura masa igiya sakwa-sakwa. Mai aikin ya zauna, ya tokare tsakiya da tafin ƙafa, ya ja kaɗan, wani dattijo na tsaye daga nesa yana duba. Daga nesan ne ake ganin gefen da ya fi ɗan'uwansa zurfi. Akan kuma auna da kara ko da yatsu tazarar da ke tsakanin igiya da itace a sama da ƙasa. Masu yin baka a Ingila da Amurka suna da katako mai tsaga-tsaga da suke maƙala tsirkiya a kai don wannan dubawa. A nan ƙafa da idon na gaba su ne suke aikin. Ba a ja shi har ƙarshe a rana ɗaya. Kullum ana ƙara ja kaɗan, ana sassautawa, har itacen ya saba.

Tsirkiya ta gaskiya da fata ake yinta, a yanka ta siririya, a jiƙa, a murɗa, a miƙe ta bushe. Sannan a shafe bakan da man kaɗe ko man shanu don kada hunturu ya busar da shi ko damina ta shige shi. Wasu sukan naɗe bakunan da jijiya ko fata.

Duk wannan wahala tana da dalili. Kibiyar ƙasar Hausa kyauro ce marar nauyi da ƙarfe mai kunne a kai, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Ba abin da zai gyara mata tafiya bayan ta bar hannu, don haka idan gefe ɗaya na baka ya riga ɗaya komawa, sai ta yi ta rawa ta kauce. Bakan kuma ba ya bukatar ƙarfin da zai huda dabba ya fita, tunda dafin kwankwani ne ke ƙarasa aikin. Abin da maharbi ke nema shi ne saiti da rashin ƙara, domin gada ko barewa ba ta jiran harbi na biyu.

Akwai ladubba da ke tare da baka. A gidajen maharba da yawa ba a tsallake baka, ba a barin baƙo ya ja shi, ba a kuma jan tsirkiya a sake ta babu kibiya, wanda wannan kam ko ba camfi yana iya tsaga itace. Rataye shi ake yi tare da kwari, nesa da yara saboda dafi.

Tarihi ya san darajar wannan makami. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda akasarinsu 'yan baka ne, suka rinjayi dawakan Gobir. Yau kuwa bindigar gargajiya ta karɓe yawancin harbi, namun daji sun ragu, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta sa dajin Kogo da ke wannan yanki cikin sababbin gandayen dajin ƙasa guda goma. Matsalar 'yan bindiga ta sa shiga daji neman reshe ɗaya ya zama kasada, shi ya sa masu sassaƙa baka a yanzu suka fi dogara da itatuwan bakin gona, kuma an fi ganin bakan a hannun masu gadin gari da wajen hawan salla.