Kambun Sarki a Kan Mai Tallar Kaya

A watan Fabrairun 2013, a birnin Milan na Italiya, kamfanin Dolce & Gabbana ya fito da 'yan matan da ke tallata masa kaya, da yawansu ɗauke da kambi mai ruwan zinare, ga manyan 'yan kunne suna reto har wuya. Ba masu kamfanin ne suka ƙago adon ba. Sun kwaso shi ne daga bangon majami'ar Monreale da ke tsibirin Sisili, wadda Sarki William na Biyu ya gina a ƙarni na 12. A can aka jera ƙananan gilasai masu ƙyalli ɗaya bayan ɗaya, har siffar sarkin ta fito ana ɗora masa kambi. Abin da ya haura shekara 800 a bango, sai ga shi yana rangaji a kan 'yan mata, masu hoto na ta ɗauka.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Kambun fada nauyi gare shi. Wanda ake naɗa sarkin Ingila da shi, na St Edward, an ƙera shi a 1661, kuma ya haura kilo 2. Ɗan'uwansa da ake sawa ranar buɗe majalisa ya ɗan fi kilo 1, yana ɗauke da lu'ulu'u 2,868. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta faɗa wa BBC a 2018 cewa idan yana kanta ba ta isa ta sunkuya ta karanta jawabi ba, sai dai ta ɗaga takardar sama, don kada wuya ya karye.

Wannan nauyin ne tela Vivienne Westwood ta mayar abin wasa a 1987, lokacin da ta fito da kambi na yadin ulu, irin saƙar Harris Tweed ta Sikotilan. Siffar ta sarauta ce tsaf, amma laushinsa kamar hular sanyi. A ganina babu telan da ya kai ta gane lamarin: abin da dandamalin tallar kaya ke so a jikin kambi siffarsa ce, ikon kuwa a bar wa masu shi.

Sarauniya Nefertiti ta Masar ita ce ta fi shan aro. Tun da aka tono gunkin kanta a Amarna a 1912 aka tafi da shi Berlin, doguwar hularta shuɗiya mai shafaffen sama ba ta huta ba. Tela John Galliano ya yi wa kamfanin Dior jerin kaya na salon Fir'aunoni a 2004, mawaƙiya Rihanna kuma ta sa irin hular a bangon mujallar Vogue Arabia a 2017, har wasu suka yi ta guna-guni.

Guna-guni kawai, don babu dogarin da zai tare kowa. Sarautar Fir'auna ta daɗe a ƙasa, ta Sisili ma haka, ta Ingila kuwa ta saba da tsokana. A nan wajenmu zancen ya sha bamban, domin rawani yana nan da ransa. Idan aka ba mutum sarauta ma, cewa ake yi an naɗa shi. Telolinmu sun ari alkyabba sun kai ta gidan biki, amare na yafawa ba mai cewa uffan. Rawani mai kunne biyu kuwa, a Kano, na sarki ne da jinin gidan sarauta. Ranar hawan sallah, dattijon da ke tsaye a bakin hanya tun daga nesa yake gane waye tafe, daga naɗin da yadda amawali ya rufe baki, kafin ma maroƙi ya ambaci suna.