Ɗaukar Hoton Tafiya Daga Kan Keke Ba Tare da Rawa Ba

Sau da yawa matafiyi yakan hau keke da 'yar ƙaramar kyamara a hannu, ya bi gaɓar kogi ko ya ratsa wani tsohon birni, yana ganin kome sarai, babu abin da ke motsi sai shi. Amma in ya koma masauki ya kunna abin da ya ɗauka, sai ya tarar gidaje suna tsalle, itatuwa suna karkarwa, har mai kallo ya fara jin jiri. Nan da nan sai ya ɗora wa kyamarar laifi. Alhali kuwa kyamarar gaskiya ta faɗa: haka aka yi ta jijjiga shi tun daga farkon tafiya har ƙarshenta. Idonsa ne ya ɓoye masa.

Yadda ido ke yin haka abin mamaki ne. A can cikin kowane kunne na ɗan Adam akwai waɗansu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Da zarar kai ya juya, ruwan nan yakan ba da labari, sai jijiyoyi su juya ƙwayar ido zuwa ɗaya gefen daidai gwargwado, cikin kimanin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Mai karatu yana iya jarrabawa da wannan shafi. In ya riƙe shi cik, ya yi ta girgiza kai, zai ci gaba da karatu. In kuwa ya tsai da kansa ya girgiza takardar, sai baƙaƙen su dagule. Kaza ma tana da irin tata dabarar, gama in an ɗauke ta ana motsa jikinta, kanta yakan tsaya wuri guda kamar an kafe shi. To, kyamara ba ta zo duniya da wannan baiwa ba, sai an ƙera mata.

Wanda ya fara samun nasara sosai a wannan fanni shi ne Garrett Brown, wani mai ɗaukar silima a Amurka. A 1975 ya fito da na'urar da aka sa wa suna Steadicam, watau wata riga mai ƙarfi da mai ɗauka ke sawa, da wani hannun ƙarfe mai sifirin, da sanda mai kyamara a sama da nauyi a ƙasa. Sifirin ya shanye tsallen tafiya, nauyi kuma ya hana kyamara karkata. Da ita aka bi ɗan damben nan yana haurawa matakala a guje a birnin Filadelfiya cikin fim ɗin Rocky na 1976, da ita kuma aka bi wani yaro yana tuƙa kekensa mai ƙafa uku cikin lungunan otal a The Shining na 1980. Sai dai na'ura ce mai nauyi da tsada, ta ma'aikatan silima, ba ta matafiyi ba.

Ƙananan kyamarori na yanzu hanyoyi uku suke bi. Ta farko, a cikin idon kyamarar akwai wani gilashi da ba a kafe shi ba. In kyamara ta karkata hagu, sai shi ya gusa ya rama. Kamfanin Canon na Japan ya fara sayar da irin wannan ido ga masu manyan kyamarori a 1995. Yana maganin rawar hannu, amma gargadar hanya takan fi ƙarfinsa.

Ta biyu ita ce gimbal. Asalin dabarar tsohuwa ce, da ita ma'aikatan jiragen ruwa suka daɗe suna rataya kamfas cikin zobba don ya zauna daidai ko da igiyar ruwa tana wasa da jirgi. A yau ƙananan injina uku ne ke aikin zobban: ɗaya yana lura da juyawa hagu da dama, ɗaya da dubawa sama da ƙasa, ɗaya kuma da kishingiɗa. A 2018 kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da Osmo Pocket, kyamara da gimbal a haɗe, nauyinta gram 116 kacal. Amma akwai abin da gimbal ba ya iyawa. Juyi yake gyarawa. In taya ta faɗa rami, kyamara ta yi ƙasa gaba ɗayanta ta dawo, wannan zai fito a hoto.

Ta uku ba ta da wani abu mai motsi ko kaɗan, lissafi ne zalla. Kyamara takan ɗauki fili fiye da wanda za ta nuna, wata 'yar na'ura a ciki tana auna kowace girgiza, sa'an nan a yanke gefe-gefen kowane hoto yadda tsakiya za ta zauna wuri guda. Kamfanin GoPro, wanda Nick Woodman ya kafa a Amurka a 2002, ya shahara da wannan hanya tun daga 2018. Aibinta yakan bayyana da almuru. Hoto mai motsi jerin hotuna ne tsayayyu, 24 ko 25 ko 30 a daƙiƙa guda. In haske ya ragu, dole kyamara ta daɗe da buɗe ido a kan kowane ɗaya, sai girgiza ta shiga cikin hoton kansa ta dusashe shi, lissafi kuwa ba ya mayar da abin da ya riga ya dagule.

Saboda haka rabin aikin yana wuyan mahayi. Wurin da aka ɗaura kyamara shi ne kan gaba. In a hannun keke ne, duk tsakuwar da tayar gaba ta taka sai ta ji, duk ɗan gyaran da mahayi ya yi wa tuƙi kuma sai hoto ya waiwaya. A kan hular kwano, hoto yakan bi duk inda mahayi ya duba. Ƙirji ya fi, domin gwiwoyi da hannuwa sun riga sun shanye yawancin girgizar kafin ta iso can, musamman in mahayi ya ɗan ɗaga daga sirdi a wuri mai gargada. Taya mai faɗi wadda ba a cika mata iska tam ba ita ma tana taimakawa. Haka nan ido mai ɗaukar fili da yawa ya fi ɓoye rawa bisa ga mai jawo abu kusa, wanda ke ƙara girman girgiza kamar yadda yake ƙara girman abin da ake dubawa.

Saura batun riƙe kyamara a hannu, wanda shi ne ya fi jan hankalin matafiya, shi ne kuma ya fi haɗari. Keken da ke tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa. Wanda ya duƙufa duban hoto na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita goma sha ɗaya a makance. Bugu da ƙari, hannun da ke riƙe da kyamara ya bar birki ɗaya ke nan. Birkin gaba shi ke da yawancin ƙarfin tsai da keke, amma in aka matse shi da hannu ɗaya, nauyin jiki yakan faɗa gefe guda, keke ya murɗe. Baƙo mai hayar keke ma yana da ƙarin abin lura: a Ingila birkin gaba yana hannun dama, a Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa yana hagu. Waɗansu ƙasashe sun sa doka. Holan, inda keke ya fi mutane yawa, ta hana mahayi riƙe waya ko makamanciyarta tun ranar 1 ga Yuli, 2019, Jamus ma tana cin tara a kan riƙe waya.

Ƙwararru sun daɗe da gane cewa taura biyu ba ta taunuwa. A tseren keke na Tour de France, wanda aka fara a 1903, hotunan da duniya ke gani a talabijin daga kan babur ake ɗaukar yawancinsu, mutum biyu a kai: ɗaya tuƙi ne kaɗai aikinsa, ɗaya ɗauka. Matafiyin da ba shi da abokin tuƙi sai ya raba aikin ta wata hanya. Ya ɗaura kyamara a ƙirji, ya kunna ta tun yana tsaye, ya mai da hannu biyu inda suka dace. In ya iso wurin da ya burge shi ƙwarai, ya sauka ya ɗauka a natse, ko ya kafa kyamarar a bakin hanya, ya koma baya, ya zo ya wuce ta gabanta. Sau tari irin wannan hoto na daƙiƙa goma ya fi na rabin awa da aka ɗauka da hannu ɗaya daɗin kallo, mai shi kuma ya isa gida lafiya ya nuna wa iyalinsa.